Gargaɗin da Ba Wanda Ya Gane: Labarin Therac-25

A ranar 21 ga Maris, 1986, a wata cibiyar kula da masu ciwon daji a garin Tyler na jihar Texas, Amurka, wata gogaggiyar ma'aikaciya ta zauna gaban allon Therac-25, na'urar da ke ƙona ƙwayoyin daji da haske mai ƙarfi. Ta danna harafin X maimakon E, ta lura, ta gyara nan take. Da ta kunna, sai na'urar ta tsaya, allon ya rubuta "Malfunction 54", ya kuma nuna cewa hasken da ya shiga jikin majiyyacin bai kai adadin da likita ya rubuta ba. Sai ta danna P, wato a ci gaba.

An rubuta wa majiyyacin rad 180. Daga baya aka ƙiyasta cewa ya sha tsakanin rad 16,500 da 25,000 cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Bayan wata biyar ya rasu.

Ma'aikaciyar ta yi abin da na'urar ta sabar mata ne. Kamfanin AECL na Kanada, wanda ya ƙera ta, ya tsara saƙonnin matsala da lambobi kawai, kuma littafin jagora bai fayyace ma'anarsu ba. Irin waɗannan saƙonni sun riga sun zama ruwan dare a wurin aiki, yawancinsu ba sa haifar da komai, don haka danna P ya zama jiki. A ranar ma, na'urorin gani da jin ɗakin majiyyacin ba sa aiki.

Asalin kuskuren yana cikin manhaja: idan aka gyara bayanan cikin daƙiƙa takwas, allo zai nuna sabon umarni, amma saitin cikin na'urar ba zai bi shi ba. Wato wanda hannunsa ya fi sauri shi ya fi shiga haɗari. Tsohuwar samfurin, Therac-20, tana da makaran ƙarfe da na lantarki masu katse aiki. A sabuwar an cire su, aka dogara ga manhaja.

Haɗura shida aka samu tsakanin 1985 da 1987 a Amurka da Kanada. A 1993 Nancy Leveson da Clark Turner suka wallafa binciken da ya mayar da lamarin darasi a jami'o'i. A 2007 kuma aka fitar da ƙa'idar IEC 62366, wadda ta tanadi yadda masu ƙera kayan asibiti za su auna sauƙin amfani da su da kurakuran da mai aiki zai iya yi.

Tambayoyin da Tyler ta bari suna nan ga duk asibitin da ke shirin sayen manhaja: shin gargaɗin yana faɗin abin da ya faru da harshen da ma'aikacin jinya zai gane? Sau nawa yake fitowa a yini? Kuma idan rai na cikin haɗari, danna maɓalli ɗaya ya isa a wuce shi?