La Mortella: Lambun da Aka Haƙa Cikin Dutse

A 1949 mai tsara kiɗa ɗan Ingila William Walton da amaryarsa Susana, 'yar Ajantina, suka koma tsibirin Ischia da ke kusa da birnin Napoli a Italiya. Bayan 'yan shekaru suka sayi wani kwari a gindin tudun Zaro, kusa da garin Forio. Ba abin da ke wurin sai duwatsun aman wuta da ƙananan ciyayi, ga ƙarancin ruwa. Shi maigidan wurin shiru yake nema don aikinsa; ita kuwa lambu take so.

A 1956 suka gayyaci Russell Page, ɗan Ingila da ya yi suna a Turai wajen tsara lambuna. Hikimar Page ita ce bai yi faɗa da dutsen ba. Ya bar manyan duwatsu inda Allah ya ajiye su, ya ratsa da hanyoyi tsakaninsu, ya ware wa tafki da maɓuɓɓugai wurarensu. Ya ajiye zanensa ya tafi, sai jefi-jefi yake dawowa. Wadda ta zauna da aikin Susana ce, shekara da shekaru ana fasa dutse, ana gina matakala, ana renon dashe a rana mai ƙuna. Ana yawan danganta lambun ga Page, kuma ya cancanta, amma a ganina zane ba ya ban ruwa. Rabon matar nan a aikin ya fi yadda ake faɗa.

Daga ƙasarta ta kawo irin wata bishiya 'yar'uwar rimi, mai ƙaya a jiki, ta shuka. Akwai kuma gidan gilashi inda badon Amazon yake shimfiɗa ganye kamar faifai a kan ruwa.

Da William ya rasu a 1983, Susana ta hau tudun da kanta ta tsara sashen sama, ba tare da zanen Page ba, ta sa tokar mijinta cikin wani dutse mai kallon teku. Aka buɗe lambun ga jama'a a 1991. Daga baya aka gina dandalin wasa irin na Girkawa, inda matasan makaɗa ke wasa da bazara. Ta rasu a 2010, kuma gidauniya mai sunan mijinta ce ke riƙe da wurin har yau.