Bashin Haya a Lokacin Yunwar Ayilan

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma yaya mai gida zai yi da ɗan hayar da annoba ta hana shi biya? Tarihin ƙasar Ayilan yana da amsa mai ɗaci.

A shekarar 1845, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, wata cuta ta faɗa wa dankalin turawa ta ruɓar da shi a gona. Shi ne abincin talakawa, waɗanda akasarinsu haya suke yi, gona da bukka duk na mai ƙasa ne. Da dankali ya lalace, sai manomi ya rasa na ci, balle na haya. Bashi ya yi ta taruwa.

Wasu masu ƙasa sun sassauta, sun rage kuɗin ko sun ɗaga ƙafa. Amma doka ta sa kora ta fi haƙuri riba. Duk gonar da ƙimarta ba ta wuce fam 4 ba, mai ƙasa ne ke biyan harajin tallafin matalauta a kanta, ko an biya shi haya ko ba a biya ba. Sannan a 1847 aka ƙara sharaɗin Gregory: wanda ke riƙe da fiye da rubu'in eka ba zai sami tallafin hukuma ba sai ya saki gonar. Da an fitar da iyali, sai a kware rufin bukkar don kada su dawo.

Wasu kuma jirgin ruwa suka biya wa mutanensu. Manjo Denis Mahon na Strokestown ya tura 'yan haya 1,490 zuwa Kanada a 1847. Ɗaruruwa daga cikinsu cuta ta kashe su a hanya ko bayan sauka. A watan Nuwamba na shekarar aka bindige shi.

Kafin 1852, kimanin mutum miliyan ɗaya sun mutu, wasu miliyan ɗaya sun yi hijira. Jama'a ba su manta ba. A 1879 Michael Davitt da abokansa suka kafa ƙungiyar Land League, dokar 1881 ta ba kotu ikon yanke haya, ta 1903 kuma ta buɗe wa manoma hanyar sayen gonakin. Jikokin 'yan haya su suka wayi gari da mallakar ƙasar.