Makarantar Matuƙan Jiragen Yaƙi ta Kano: Yadda Yaƙin Basasa Ya Haife Ta

Rundunar sojan sama tana da asibiti a Daura, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a 2019. Amma yaron Daura ko Zango ko Mai'aduwa da ya ƙwallafa rai a kan tuƙin jirgin yaƙi, ba a gida zai koya ba. Sai ya bi ta makarantar hafsoshi ta NDA a Kaduna, ya fara da ƙananan jirage masu farfela a makarantar tuƙi ta 401, sannan in ya yi rabo a turo shi Kano, makaranta ta 403, inda ake koyon jet.

Kano ta daɗe da sanin ƙarar jirgin soja. A 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a garin. A Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta zama zango ga jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi a wuce da su Alƙahira.

An kafa rundunar sojan sama a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, har shugabanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Jiragenta na lokacin, irin su Piaggio da Dornier, na koyo ne da ɗaukar kaya. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Gowon jiragen yaƙi, sai ta juya ga Tarayyar Sobiyet. A watan Agusta aka fara sauke jiragen MiG-15 da MiG-17 a filin jirgin Kano, ga kuma L-29 Delfin daga Cekoslobakiya.

L-29 ɗin nan shi ne abin lura. Don koyarwa aka ƙera shi: kujera biyu, ɗalibi a gaba, malami a baya, kowa da abin sarrafawarsa, ɗalibi na kuskure malami ya karɓe. Amma in babu raƙumi sai a yi da akuya. Aka ɗaura masa rokoki aka tura shi fagen fama, su kuwa MiG akasari Misirawa da sojojin haya suka riƙa tuƙa su, don namu matuƙan ba su kai ba tukuna. Wannan ƙarancin ne ya sa dole a horar da 'yan ƙasa a gida, kuma da aka ajiye makamai a 1970, jiragen da suka ga wuta su suka koma aji a makarantar Kano.

Daga 1986 aka kawo L-39 Albatros guda 24, ƙanen L-29, suka gaje shi a Kano. Shekaru suka ja, kayan gyara suka yi wuya, da yawansu suka kwanta. Ni a ganina nan ne babban raunin makarantar: jirgin nata ne, amma kayan gyaransa sai an jira su daga Turai. Da rikicin Boko Haram ya yi tsanani aka farfaɗo da wasu, aka sake ɗaura wa jirgin koyo makamai kamar yadda aka yi a 1967.