Yagewar Jijiyoyin Tsokar Ɗuwawu a Gefen Kwatangwalo: Gano Ta da Wuri da Zaɓin Magani

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi binciken da aka gudanar kan yagewar jijiyoyin da ke ɗaure tsokar ɗuwawu ta tsakiya da ƙaramarta a jikin tudun ƙashin cinya. Matsayinta shi ne ciwon ya wuce yadda ake zato yawa, kuma jinkirin gano shi ne ke cinye amfanin tiyata.

Gabatarwa

Tsokokin nan biyu ne ke ware cinya zuwa gefe, amma babban aikinsu riƙe ƙugu daidai a duk takun da nauyin jiki ya koma kan ƙafa ɗaya. An daɗe ana ɗora laifin ciwon gefen kwatangwalo kan kumburin jakar ruwan da ke kwance bisa ƙashin. A 1997 Bunker da abokan aikinsa a Ingila suka tarar da yagewa a kashi 22 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyatar karayar wuyan ƙashin cinya. A 2001 kuma Bird da tawagarsa a Ostareliya suka ɗauki hoton MRI na mata 24 masu wannan ciwo: 11 jijiyarsu ta yage, biyu kacal jakar ruwansu ta kumbura.

Gano Ciwon

Yawanci mai wannan ciwo mace ce da ta haura hamsin. Ba ta iya kwanciya a ɓarin da ke ciwo, hawa bene ya gagare ta, tashi daga tabarma sai ta dafa bango. A wajenmu sau da yawa akan ce sanyin ƙashi ne, a ba ta maganin rage zafi, a sallame ta.

Alhali gwajin farko ba ya buƙatar na'ura. Likita zai tsaya a bayanta, ya dafa ƙasusuwan ƙugunta biyu, ya sa ta tsaya kan ƙafar da ke ciwo. In tsokar ta gaza, ɗaya ɓarin ƙugun zai sauka, alamar da Trendelenburg ya bayyana tun 1895. A kula da kafaɗu, domin wasu kan karkata gangar jiki zuwa ɓarin ciwon, ƙugun ya ƙi sauka. Lequesne a Faransa ya nuna a 2008 cewa zafin da ya taso cikin daƙiƙa 30 na wannan tsayuwa shaida ce mai ƙarfi ga lalacewar jijiyar. Zafin matsematsi kuwa ya fi nuni ga gaɓar kanta, wanda ya gangara har ƙafa kuma a duba gadon baya.

Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya. MRI ne ma'auni, don yana bayyana girman yagewar da yawan kitsen da ya maye gurbin tsoka. Inda babu shi, sikanin ultrasound a hannun gwani na taimakawa.

Magani

Gwajin da Mellor da abokan aikinta suka wallafa a 2018, kan mutum 204 masu ciwon jijiyar, ya nuna wayar da kai tare da motsa jiki ya fi allurar sitiroid amfani, a mako takwas da kuma bayan shekara. Saboda haka gashin ƙashi ne matakin farko, da daina ɗora ƙafa kan ƙafa da tsayuwar karkace. Maimaita allura ga wadda ƙugunta ke sauka, a ganin mai wannan nazari, sakaci ne: zafi ya lafa, tsoka na ci gaba da shanyewa.

In jijiyar ta tsinke ɗungurungum, ko watanni sun shuɗe ba sauƙi, sai tiyata. Akan dasa ƙananan ƙusoshi masu zare a ƙashin a ɗinke jijiyar, ko ta buɗe wurin ko ta ƙananan huji da kyamara, hanyar da Voos ya ba da rahotonta a 2009. Tsokar da kitse ya mamaye ba ta murmurewa sosai ko an ɗinke. A nan ne ake komawa ga dabarar Whiteside ta 2012, a karkato sashen babbar tsokar ɗuwawu ya cike gurbin. Bayan aikin, majiyyaciya za ta yi kusan mako shida da sandunan dogarawa, kuma ya wajaba a tabbatar akwai mai jinyarta a gida kafin a sa ranar tiyata.