Daga Sutudiyon Sakkwato Zuwa Detroit: Tarihin Jitar Mdou Moctar

Na dawo gida Gitata hutu, amma wata gardama da muka yi a masaukinmu na Keffi ta ƙi barin raina. Akwai wani ɗan ajinmu, mutumin kirki, sai dai ba ya jin komai sai Iron Maiden da Metallica. Ran nan ya ce wai duk yankinmu na Sahel babu wanda ya taɓa kaɗa jita mai nauyi, mu dai fiyano da nanaye. Ban ce masa uffan ba, na kunna masa Afrique Victime na Mdou Moctar. Da waƙar ta kai inda jita ke kuka kamar ana tsaga kwano, sai ya miƙe zaune. Na ce masa mai wannan jitar a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko. Ya rantse ƙarya nake. To jama'a, ga labarin.

Sunansa Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga jihar Tahoua a Nijar. Gidansu gidan addini ne, ba a son kiɗa, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Bahago ne kuma. Wanda ya fara ɗauke masa hankali shi ne Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jitar Abzinawa a Nijar.

A 2008 ya tsallako Sakkwato ya naɗi Anar. Ku tuna me ake yayi a lokacin: waƙoƙin finafinan Hausa, gangar kwamfuta, da manhajar nan mai lanƙwasa murya har ta koma kamar ta aljani. Da waɗannan kayan aikin aka yi masa faifan. Baitocin na Tamashek ne, amma rigar da aka saka musu tamu ce. Duk wanda ya taso yana jin waƙoƙin fim na shekarun nan, yana kunna Anar zai ji ƙanshin gida.

Faifan bai shiga kasuwa ta hannun wani kamfani ba. Ta memori da Bluetooth ya yi tafiya, daga waya zuwa waya, har arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland, ya tsinci waƙar Tahoultine a wayoyin mutane. Ya sa ta a tarin Music from Saharan Cellphones a 2011, ya bi sawun mai ita har ya same shi, ya kuma kai masa jitar bahagwai.

Nan ne muka zo kan faifan da ya sa na yi wannan rubutu, wato Afelan na 2013. Ba a sutudiyo aka yi shi ba. A Cintabaraden aka naɗe shi kai tsaye, yadda ake kiɗan a gida. Wani ɓangaren jitar katako ce a hankali, irin ta hirar dare ana dafa shayi. Wani ɓangaren kuma jitar lantarki ce ta filin biki, lasifika na kurma ihu, sautin ya fashe ya yi kaushi. Mai neman tsabtar sauti zai ce an ɓata aiki. Ni kuwa a wurina duk faifansa babu wanda ya kai wannan daraja ta fuskar tarihi, ga dalili.

Akwai masu cewa sai da ya fara zuwa Amurka, ya haɗu da Mikey Coltun mai jitar bas, sannan kiɗansa ya yi nauyi. Gaskiya ne shi da kansa yana ambaton Eddie Van Halen cikin waɗanda ya koyi wani abu daga salonsu daga baya. Amma Afelan ya riga duk wannan. Shaida ce da aka naɗa tun kafin a san shi, cewa kaushin nan da gudun nan a filin biki aka haife su: ƙaramar na'urar ƙara sauti da aka murɗe har ƙarshe don na bayan taro su ji, janareto, da samari masu rawa da ba sa son a sassauta. Yaran Birmingham da suka kafa Black Sabbath daga unguwar masana'antu suka samo nasu nauyin. Shi daga rairayi da ƙarancin kayan aiki ya samo nasa.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A 2015 ya fito a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗora kan Purple Rain na Prince. Sunan ma abin dariya ne, ma'anarsa ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, wai saboda babu kalma guda ta wannan launin a Tamashek. A 2019 Ilana ya fito, wanda aka naɗa a Detroit da cikakkiyar ƙungiya: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Coltun a bas, ga kuma ganga, wadda Souleymane Ibrahim ya daɗe yana riƙe musu. Sai Afrique Victime a 2021 ƙarƙashin kamfanin Matador, da Funeral for Justice a 2024. A waɗannan biyun ba soyayya kaɗai yake rerawa ba. Yana ambaton Faransa da suna, yana maganar arzikin da ake kwashewa a ƙasar da ke da yuraniyom amma ƙauyukanta ke kwana cikin duhu.

Lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar tana rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki, suka maƙale. A zaman jiran nan suka sake naɗar waƙoƙin Funeral for Justice da jitar katako, ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne Anar. Aikin Sakkwato ne, salonmu ne, amma sai da kamfanin Portland ya buga shi a faifan garmaho sannan ya samu mazauni na dindindin, yau kuma da dala ake sayensa. Mu da muke karatun digiri na biyu muna ta yawon neman maudu'in bincike, alhali waƙoƙin shekara goma suna ruɓewa a tsofaffin memori da kwamfutocin masu tura waƙa a bakin tasha. Kuma mu faɗi gaskiya, da yawanmu in an ce Buzu, mai gadi da mai shayi ne kawai ke zuwa mana a rai.

Jiya na leƙa rumfar mai tura waƙa a nan Gitata, na tambaye shi ko yana da kiɗan jitar Nijar na da. Ya ce akwai wata tsohuwar kwamfuta a gida da ya daina kunnawa tun da kowa ya koma intanet, in dawo ranar kasuwa. Na ce masa kuɗin cajin a wuyana.