Juma'ar Damagaram da Asabar ta Yamai

 Ya ku ƴan'uwa masu saurare, zamanmu na yau a kan wasu kwanaki biyu ne daga tarihin ƙasarmu, waɗanda da yawanmu ba su manta da su ba.

A watan Janairu na 2015 wata jaridar Faransa mai suna Charlie Hebdo ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallama. Kwanaki kaɗan kafin nan, ranar 11 ga wata, shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji ta nan Illela, ya halarci gangamin birnin Paris na juyayin mutanen da aka kashe a ofishin jaridar. Zukata suka yi zafi, kuma duk mai ƙaunar Annabi ya ji wannan zafin.

Ranar Juma'a 16 ga wata, da aka sallame salla a Damagaram, jama'a suka fito. Kafin faɗuwar rana an cinna wa cibiyar al'adun Faransa wuta, an ƙone majami'u, an fasa shaguna da gidajen Kiristoci, har ɗaruruwansu suka nemi mafaka a barikin soja. Washegari Asabar wutar ta isa Yamai, inda ƴan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙone, tare da otal-otal da wuraren shan giya da wani gidan marayu. Mutum 10 suka rasa rayukansu a garuruwan biyu, aka yi zaman makoki na kwana uku.

To, mu tambayi kanmu: wanda ya yi zanen, me ya same shi? Yana can Turai, ko hayaƙin bai shaƙa ba. Wanda wutar ta ci ɗan Nijar ne, maƙwabci, mai sayar maka da hatsi a kasuwa, wanda bai taɓa riƙe wannan jarida ba. Mu mutanen Tsarnawa da Malbaza da Ƙonni mun fi kowa sanin nauyin wannan magana, domin tun 1950 asibitin Galmi yake duba marasa lafiyarmu, kuma Kiristoci ne suka gina shi. Wane gida ne a nan bai taɓa kai majinyaci can ba? Aya ta 40 a Suratul Hajji ta ambaci majami'u tare da masallatai cikin wuraren da Allah Yake tsarewa daga rushewa. Sayyidina Abubakar kuwa, a tsakiyar yaƙi ma, ya hana rundunarsa taɓa masu ibada a ɗakunan ibadarsu. Shi ya sa a yammacin wannan Asabar malamai suka fito a talabijin suna kiran samari su koma gida. Akwai kuma Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a cikin ɗakunansu, Allah Ya saka musu da alheri. A Juma'ar nan dai dubban Musulmi sun yi jerin gwano a Bamako, suka faɗi abin da ke ransu, suka watse lafiya.

Kada wani ya fahimci cewa muna hana talaka kuka. Shekara goma kafin wannan fitina, a 2005, zamanin Tandja Mamadou, shekarar da yunwa ta matsa mana, gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa da madara da sukari da ruwan famfo da lantarki. Ranar 15 ga Maris dubban mutane suka cika titunan Yamai ƙarƙashin ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa, su Nouhou Arzika. Ba a rasa jifa da fashe-fashe a wasu wurare ba, amma abin da ya girgiza hukuma shi ne ranar da aka ce kowa ya zauna gida. Kasuwanni suka kasance a rufe, tashoshin mota wayam, babu wanda za a harba wa barkonon tsohuwa. Mai ƙaramin shago ya yi asarar cinikin yini, ya haƙura. Aka kama jagororin, jama'a ba su janye ba, aka sake su. Kafin watan Afrilu ya ƙare gwamnati ta zauna da su, ta cire harajin daga kan fulawa da madara, ta sassauta wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da wuta. Na sukari ne kawai ya tsaya yadda yake.