Tarihin Itacen Kwinin

Ya ku 'yan makaranta, wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa kayar da shi ya san ɗacin kwinin, amma kaɗan ne suka san itacen da ake samunsa. Sunansa sinkona. Asalinsa duwatsun Andis ne, cikin Amurka ta Kudu, a ƙasashen Peru da Ekwado da Bolibiya. Yana fitowa can bisa gangaren dutse, cikin kurmi mai sanyi inda hazo ba ya yankewa, ruwa kuwa kusan kullum. Ba ya yin garke, sai ɗaya nan ɗaya can.

Wajen 1630 limaman Kirista 'yan Sifen suka gane ɓawonsa yana kashe zazzaɓi, suka kai shi Turai. A 1820 waɗansu Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka tsamo ainihin maganin daga ɓawon.

Mu ma labarin ya shafe mu. A 1841 Turawa 145 suka shigo Kwara, wajen 40 zazzaɓi ya kashe. A 1854 Likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai cikin jirgi Pleiad, yana ba mutanensa kwinin kullum, ko ɗaya bai mutu ba.

To, da kasuwa ta buɗe, sai masu saran ɓawo suka faɗa wa kurmin, suna kayar da itace ba su dasa wani. Wani talaka ɗan ƙasar Bolibiya, Manuel Incra Mamani, ya yi shekaru yana neman irin da ya fi ƙarfi, ya tara wa ubangidansa Charles Ledger 'ya'yansa a 1865. Gwamnatin Ingila ta ƙi saye, mutanen Holan suka sayi laba guda, suka shuka a tsibirin Jawa. Kafin Japan ta ci Jawa a 1942, kusan duk kwinin na duniya daga can yake fitowa. Mamani kuwa aka kama shi a 1871, aka yi masa dūka, ya mutu bai ci moriyar wahalarsa ba.

Yau ga hoton itacen a tambarin Peru, amma a dajinta sai an sha wuya a gan shi, don sara da noma sun cinye mazauninsa. Ku duba maɗaci da kirya na garinku. In kun ga mai magani yana ɓare itace har ya zagaye gindinsa, ku gaya masa labarin sinkona, domin itacen da aka yi wa haka sau da yawa mutuwa yake yi.